Kajin da Inna ta bari sun mutu, na kasa daina kuka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ta rasu bara da azumi, ta bar kaji a gida. 'Yan'uwana suka ce in kwashe su tunda ni ce mai son kiwo. A hannuna suka kai 14. Da sanyin nan ya shigo, cikin kwana tara 11 suka mutu, har da wata tsohuwa wake-wake wadda Inna take ba tsaba a tafin hannunta. Sai su yi zawo kore, su saki fukafukai, wasu wuyansu ya murɗe. Ranar da tsohuwar ta mutu na yi kukan da ban yi irinsa ba ranar da aka fita da Inna. Maigidana ya ce in ji tsoron Allah, kaza ce fa. Me ya kashe su, yaya zan yi da ukun da suka rage, kuma kukan nan laifi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Kaji kuma Allah ya mayar da alheri.

Kin ga gaisuwa biyu na yi miki, kuma kowacce da muhallinta. Bahaushe ya daɗe da raba su. Mutum rasuwa yake yi, kaza kuwa mutuwa. Wanda ya yi rashin uwa ana zuwa masa ta'aziyya, wanda gobara ta ci rumbunsa ko annoba ta faɗa wa garkensa jaje ake zuwa masa. Ke abu biyun ne suka haɗe miki a akurki ɗaya. Mutanen gida suna ganin jaje ne ya kamace ki, jajen ma ɗan kaɗan, alhali makoki ne ya dawo miki ɗanye. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da ɓangaren aikina na likitan dabbobi, domin ukun da suka rage ba za su jira mu gama magana ba.

Abin da kika kwatanta, zawo kore, kaza ta saki fukafukai kamar ta yafa babbar riga, wuya ya murɗe, a yi ta kwasar mushe kowace safiya a tsakiyar hunturu, duk alamun cutar nan ne da masu kiwo suke kira fakat, mu kuma a asibiti muke ce mata Newcastle. Sunan wani gari ne a Ingila inda ta ɓarke a 1926, shekarar da aka gan ta kuma a tsibirin Jaba na Indunusiya. A Najeriya an fara tabbatar da ita a 1952 a yankin Ibadan, kuma tun daga lokacin ita ce babbar mai share kajin gida a ƙauyukanmu. Tabbaci na ƙarshe a ɗakin gwaji ake samunsa, amma duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya ji bayaninki, ita zai fara kawowa a rai.

Ƙwayar bairos ce take kawo ta, shi ya sa kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a zuba a kasko ba ya yi mata komai. Haka barkono, haka gautan kura, haka sassaƙen maɗaci. Na san za a ce ai wance ta jiƙa gautan kura kajinta biyu suka tashi. Waɗannan biyun dama masu tashi ne, ko dai sun taɓa gamuwa da cutar jikinsu ya san ta, ko kuwa ba ta kama su da ƙarfi ba. Ban faɗi haka don raina hikimar iyayenmu ba. Sun yi amfani da abin da yake hannunsu, kuma da yawa daga cikin dabarunsu, kamar zuba toka a akurki saboda ƙuma, har gobe muna koya wa mutane. Fakat dai ta fi ƙarfin jiƙo.

Galibi ba daga sama take faɗowa ba, kawo ta ake yi. Mai kiwo ya ga kajinsa sun fara zubewa, sai ya kwashi masu sauran kuzari ya nufi kasuwa kafin ya yi asarar duka. Wani ya saya da araha yana murna, ya saki a tsakar gida. Ko a kawo wa mai jego kaza a ɗaure ta a gindin turmi kwana biyu kafin a yanka. Kejin dillali, takalmin wanda ya fito daga gidan da ake mutuwar kaji, har agwagwa, wadda takan ɗauki cutar tana yawonta lafiya lau ba ta nuna komai. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo yawanci kwana biyar ne ko shida, wani lokaci ya kai mako biyu. In kika lissafa baya daga ranar da ta farko ta kwanta, watakila ki tuna abin da ya shigo gidan. Ki tuna ɗin don gaba kawai. Kajin gida da suke fita kiwo suna cuɗanya da na unguwa gaba ɗaya, babu matar da za ta iya tsare wannan ita kaɗai.

Abu ɗaya nake so ki riƙe. In kika ga kaji suna faɗuwa farat ɗaya ba tare da sun yi jinya ba, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu sun yi ja kamar jini ya kwanta, kada ki taɓa su da hannu, kada yara su matso, a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Murar tsuntsaye takan yi kama da fakat, ita kuwa tana iya kama mutum. A 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a Jihar Kaduna, kuma ta sha dawowa tun daga nan. Fakat iyakar abin da takan yi wa mutum shi ne ɗan jan ido na 'yan kwanaki.

Yanzu ukun da suka rage. Ki fitar da su daga tsohon akurkin, ki killace su a wuri mai ɗumi inda iskar hunturu ba ta bugawa, ruwa mai tsabta kullum, dusa da tsaki a kusa da bakinsu. In akwai wadda wuyanta ya karkace amma tana ci, kada ki yi saurin yanke ƙauna, sai dai ki riƙa taimaka mata ta sha ruwa, don ƙishirwa ce take ƙarasa irinsu. Wasu sukan rayu da karkataccen wuyan har su yi ƙwai. Kada ki bari su fita cikin kajin maƙwabta na tsawon wata guda, kada kuma ki kawo sabuwa a wannan tsakanin. Akurkin a share shi tas, a ƙona sharar da tsohuwar shimfiɗa, a wanke kasko da sabulu a shanya a rana, a bar wurin ya sha iska.

Mushen fa? Ina fatan ba bola aka kai su ba. Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi ba ni haushi a unguwanninmu: a ɗauki matacciyar kaza ta ƙafa a wurga bayan katanga, kare ya ja ta zuwa wani lungu, kajin maƙwabta su yi ta tsattsagar ta, bayan mako guda a ce annoba ta shigo gari. A haƙa rami mai zurfi, wanda kare ba zai tone ba, a zuba su a rufe, ko a ƙona. In kin binne tsohuwar nan da hannunki a bayan ɗaki wani ya yi miki dariya, ki ce masa likita ya ce daidai kika yi.

Rigakafi shi ne maganin, kuma yana da araha ƙwarai in aka kwatanta da kuɗin kaza ɗaya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin na Newcastle iri-iri. Wanda ya fi dacewa da kajin gida shi ne mai suna I-2, wanda masu bincike a Ostireliya suka samar musamman don ƙauyukan da babu firiji, saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da ƙarami har 'yan tsaki, a maimaita duk bayan wata huɗu. Akwai kuma Lasota, wanda aka fi samu a shagunan maganin dabbobi, shi kuwa dole sai da sanyi. Jure zafi ba ya nufin a ajiye kwalba a rana, a naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, in an haɗa kuma a yi amfani da shi a ranar. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka matan layinku ku haɗa kuɗi a yi wa kowa rana guda, wanda hakan ma ya fi, tunda kajinku tare suke kiwo. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kwanta, kuma sai ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fara aiki. Mafi muhimmanci shi ne zagayen da za a yi da kaka, kafin sanyi ya sauko.

To, sai maganar kuka.

Maigidanki ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba. Mu mun taso ne a kan cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Kaza a gidan Bahaushe asusu ce mai ƙafa biyu: baƙo ya sauka a kama ɗaya, yaro ya kwanta ciwo a sayar da biyu, Sallah ta zo a yanka zakara. Ana ba yaro sagara a ce tasa ce, ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, a tara a sayar a saya masa 'yar akuya. Ni kaina da kazar da kakata ta ba ni na fara, kuma ita ce silar shigata wannan aiki. Wanda ya saba ganin kaza haka, in ya tarar da babbar mace tana sharɓar hawaye a bakin akurki, dole abin ya ɗaure masa kai.

Amma duk wanda ya shiga gidajen masu kiwo ya san akwai kazar da wuƙa take tsallakewa. Uwar kaji ce, ta tsufa, ƙwan ma ta rage, amma in dillali ya nuna ta sai mai ita ta ce a'a, wannan ba ta sayarwa ba ce. Ta san muryar mai ita, ta san ƙarar kwanon tsaba, in an shimfiɗa tabarma da la'asar sai ta zo ta kwanta a gefe. Kaji suna gane mutane, wannan duk mai kiwo shaida ne, baƙo ya shigo su watse, mai su ta fito su yanyame ta. Ita wake-waken nan shekara nawa tana cin tsaba a tafin hannun Inna? Duk safiyar da kika buɗe akurki ta fito, wani abu na Inna ne yake tafiya a tsakar gidanki da ransa. Zanenta yana cikin akwati, kwanukanta an raba, amma wannan tana motsi, tana neman abinci, tana buƙatarki. Ranar da ta mutu aka yanke wannan.

Sannan ki duba yadda muke zaman makoki. Ranar da aka fita da gawa 'ya mace ba ta da lokacin kanta. Gida ya cika, ana shigowa ana fita, wannan ta ce a yi haƙuri, waccan ta ce addu'a take buƙata ba kuka ba, ke kuma kina amsa gaisuwa kina lura da ko baƙi sun ci abinci. Kwana uku, bakwai, kowa ya watse, a koma hidima. Kukan da aka haɗiye yana nan inda aka ajiye shi. Wata sai ta ji ƙamshin turaren mahaifiyarta a jikin wata a gidan biki sannan ya ɓalle mata. Wani dattijo da na sani bai zubar da hawaye ba ranar da aka binne matarsa, sai bayan wata biyar da tunkiyarta ta mutu wajen haihuwa a hannuna. Ya tsuguna a turken ya rufe fuska da hularsa, ni kuma na tattara kayana na fita zaure na jira shi. Da ya fito bai ce komai a kan tunkiyar ba, cewa ya yi, "Ita ta saye ta da kuɗin ƙuli-ƙulinta."

Ta fuskar addini kuwa, abin da malamanmu suka karantar da mu a fili yake. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Manzon Allah (SAW) ya gan shi ya tambayi dalili, sannan ya riƙa ce masa, ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi? Bai ce masa tsuntsu ne fa ba. Da ɗansa Ibrahim yake barin duniya idanunsa sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Wanda ya fi kama da naki shi ne na sarƙar Nana Khadija. Bayan yaƙin Badar, 'yarsa Zainab ta aiko da fansar mijinta da aka kama, a ciki har da sarƙar da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aurenta. Shekaru sun shuɗe da rasuwar Khadija, amma da ya ga sarƙar sai tausayi mai tsanani ya kama shi, har ya nemi sahabbai in sun yarda su saki mutumin su mayar mata da abarta. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da maganar da take nuna fushi da hukuncin Allah. Hawaye ba ya cikinsu. Kaza dai ba a yi mata sallah ba a yi mata zaman makoki, wannan ke ma kin sani.

Wasu al'ummomin da gini suke tunawa. A Landan akwai maƙabartar dabbobi a cikin lambun Hyde Park tun 1881, a gefen birnin Faris akwai wata da aka buɗe a 1899, da duwatsu da sunaye da kwanan wata. A Tokyo akwai mutum-mutumin wani kare, Hachiko, a bakin tashar jirgin ƙasa ta Shibuya, wanda ubangidansa ya rasu a 1925 shi kuwa ya ci gaba da zuwa tashar yana jiransa har ya mutu a 1935. A Ingila ma akwai masu karɓar kajin gona da suka gama ƙwai su riƙe su a bayan gida, da suna da komai, har su mutu don kansu. Ba na yi musu dariya, don abin da yake cin su shi ne yake cin ki. Mu dai hanyarmu daban ce. Kabarin mutum ma ba mu saba gina shi ba, ɗan tudun ƙasa ne da fasasshen tulu ko guntun itace, damina kaɗan ya baje, jikoki su zo su kasa nuna shi.

Mu a jikin masu rai muke ajiye mamatanmu. A haifi yarinya a mayar da sunan marigayiya, uwar ta kasa kiran sunan don kunya, sai a koma Ummi ko Mama ko Inna ƙarama, sunan ya ci gaba da yawo a gidan shekara sittin. A soya waina ko ƙosai ranar Juma'a a raba wa almajirai. A biya mata bashi, a riƙa leƙa ƙawayenta da ƙannenta. Wannan na ƙarshen sunna ce mai ƙarfi, domin Manzon Allah (SAW) yakan yanka dabba ya aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta. Malamai sun yi saɓani a kan ware ranar uku da bakwai da arba'in, amma addu'ar ɗa ga mahaifinsa da sadaka a madadinsa babu mai musun suna isa. Sai kuma iri: irin gero da uba ya bari, bishiyar da kaka ta dasa, akuyar da ake cewa jikar jikar ta wance ce. Kajin Inna a wannan layin suke, shi ya sa mutuwarsu ta yi miki kama da an goge sawunta.

Sai dai ina shakkar an goge ɗin. Ukun da suke hannunki jinin kajinta ne, kuma kazar da ta tsallake fakat takan samu kariya mai ƙarfi daga gare ta. Bayan haka, macen da ta yi shekaru tana kiwo da wuya a ce ba ta taɓa ba kowa kaza ba. Ki tambayi ƙannenta, ki tambayi maƙwabtanta na tsohon gida, ki tambayi wadda take ba ajiyar kiwo a raba 'ya'ya. Zai yi wuya ki rasa gidan da za a ce miki ai waccan mai zanen 'yar kazar Inna ce. In wata guda ya wuce, kin yi wa naki rigakafi, ki je da kanki, kada ki aika yaro. Ki zauna ku yi hirarta, ki bari su ba ki labaran da ba ki sani ba, in kuka ya zo ku yi abinku tare. Ki roƙi sagara ɗaya ko ƙwai biyar-shida waɗanda ba su wuce mako guda ba, ki sa wa wadda ta fara kwanci, kwana 21 ki ga 'yan tsaki. Sagarar kuwa, ko daga gidan wa ta fito, sai ta yi mako biyu a killace ita kaɗai kafin ta haɗu da sauran.

In suka yi yawa, ki ware ɗaya da niyyar Inna. Ƙwanta da 'ya'yanta ki riƙa bayarwa, ga mai jegon da ba ta da hali, ga marayan da zai fara nasa kiwon kamar yadda aka fara mini.

Shi kuma maigida, kada ki tsaya jayayya da shi a kan darajar kaza, ba za ki ci nasara ba. Ki ce masa Inna kike tunawa. Zai gane, watakila ma ya ji kunya. In kuma kika ga makonni suna wucewa ba kya iya cin abinci, barci ya ƙaurace, hidimar gida ta gagare ki, to ki je asibiti ki faɗa wa likitan mutane yadda kika faɗa mini, har da maganar kazar, kada ki cire ta don jin nauyi.

Ki rubuto mini bayan mako biyu in ji yadda ukun suka kwana, musamman in akwai mai karkataccen wuya a cikinsu.